Maciji ɗaya ko biyu? Yadda ake gane bajon likitocin soja

Tambayar da wani ɗan'uwa ya turo ita ce: a cikin akwatin marigayi kakansa wanda ya yi yaƙin Bama ya samu wani ƙaramin bajo na tagulla, maciji ya nannaɗe sanda, ganye ya kewaye shi, ga kambin sarauta a sama. Shi kuma a finafinan Amurka macizai biyu yake gani da fukafukai a kwalar likitan soja, wasu kuma jan kuros ne ɗaure a damtsensu. Wanne ne na gaskiya a ciki, kuma me ya haɗa maciji da aikin lafiya?

To Malam, Allah ya jiƙan kaka ya sa ya huta. Kafin mu shiga maganar macizan nan bari in fara raba maka abu biyu da mutane ke cakuɗawa, don idan ba ka raba su ba duk bayanin da za a yi maka zai dagule. Alamomin da ma'aikacin lafiya na soja ke ɗauke da su iri biyu ne. Akwai bajon rundunarsa, wato wannan mai macijin, wanda aikinsa kawai ya nuna wa 'yan'uwansa sojoji cewa wannan mutumin ɗan sashen lafiya ne, kamar yadda ɗan igwa ko injiniya ke da nasa. Sannan akwai alamar kariya, jan kuros ko jan jinjirin wata a kan farin ƙyalle, ita wannan ba da 'yan gida take magana ba, da abokin gaba take magana, cewa take kar ka harbi wannan. Maciji ko da guda goma ne a rigar mutum ba ya ba shi kariyar komai a dokar yaƙi. Ka riƙe wannan tukunna.

Yanzu mu dawo kan naka. Abu na farko da nake cewa kowa ya yi idan ya samu irin wannan bajon shine ya ƙirga macizan. Idan maciji ɗaya ne a jikin sanda guda mara fukafukai, to wannan ita ce sandar Askilifiyos, wanda Girkawan zamanin da suka ɗauka a matsayin abin bautarsu na warkarwa, kuma ita ce asalin alamar likitanci, ita ce ma za ka gani a tsakiyar tutar Hukumar Lafiya ta Duniya. Dalilin macijin kuwa masana sun kawo bayani fiye da ɗaya. Wasu suka ce saboda yana saɓa ne, ya tuɓe tsohuwar fata ya fito sabo, shi ya sa suka ɗauke shi alamar samun sauƙi bayan ciwo. Wasu suka ce ai dafin da ke kisa shi ne kuma ake magani da shi. Akwai masu danganta abin da macijin tagullan da littafin Ƙidaya na Attaura ya ce Annabi Musa ya ɗora a kan sanda. Akwai kuma wani hasashe da ni dai yake burge ni don mu nan mun san abin da idonmu, wato kurkunu, duk wanda ya taso a ƙauye kafin a kawar da cutar ya san yadda ake cire shi, a samu ɗan tsinke a riƙa naɗe tsutsar a jiki kaɗan kaɗan kullum har ta fita gaba ɗaya ba tare da ta tsinke ba, to wasu masu bincike na ganin hoton wannan aikin ne ya rikiɗe ya zama maciji a sanda. Hasashe ne dai, ba a tabbatar ba.

Maciji ɗaya, ganye kewaye, kambi a sama: wannan siffar da ka bayar ta yi daidai da bajon rundunar likitocin sojan ƙasa na Birtaniya, wadda ake taƙaitawa da RAMC, an kafa ta a 1898. Ganyen nan na wata bishiya ce da Turawa ke saƙa wa wanda ya yi nasara a ka tun zamanin Rumawa, kambin kuma yana nuna rundunar sarki ce. Kuma daga bajon kansa za ka iya kusantar shekarunsa, abin da mutane da yawa ba su sani ba kenan. Dubi ɗan ƙyallen rubutun da ke ƙasa. Idan sunan rundunar ne a rubuce cikakke, to tsohon yayi ne na kafin 1950, wato ya dace da zamanin yaƙin duniya na biyu. Idan kuma ka ga an rubuta In Arduis Fidelis, taken rundunar da Latin, ma'ana mai riƙon amana a lokacin tsanani, to na bayan nan ne. Sai kambin: na zamanin sarakuna maza daga 1902 zuwa hawan Sarauniya Elizabeth samansa a dunƙule yake kamar kubba, na Sarauniya kuwa wanda aka koma wa daga 1953 samansa ya ɗan lotsa a tsakiya, kafaɗunsa biyu sun tashi. Kaga idan naka mai lotsawar ne to ba daga Bama ya zo ba, daga baya aka samo shi.

Amma fa kar ka yi saurin cewa kaka likita ne ko ma'aikacin asibiti ne don kawai an samu bajon a akwatinsa. Sojojinmu da suka je Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi, bajon da aka fi sanin su da shi na RWAFF ne, wato rundunar sojan mulkin mallakar Birtaniya ta Afirka ta Yamma, mai hoton bishiyar kwakwa, kuma likitocin da ke tare da su yawanci Turawan RAMC ne da aka turo, 'yan Afirka kuma suna ƙarƙashin sashen lafiya na Afirka ta Yamma suna aikin jinya da ɗaure rauni da ɗaukar waɗanda aka harba. To zai iya yiwuwa a asibitin fage ya yi aiki, zai iya yiwuwa kuma wani Bature ne da suka shaƙu ya ba shi kyauta, sojoji na yawan musayar irin waɗannan abubuwan idan za a rabu.

Macizai biyu da fukafukai kuwa wani abu ne daban gaba ɗaya. Sunanta kadusiyas, sandar Hamis ce, wanda Rumawa ke kira Makuri, shi kuma a tatsuniyoyinsu manzo ne ɗan aike, uban gidan 'yan kasuwa da matafiya har da ɓarayi, ba ruwansa da magani. Sojan ƙasa na Amurka ne suka ɗauke ta a hukumance a 1902 ta zama alamar kwalar likitocinsu, bayan wani kyaftin mai suna Frederick Reynolds ya dage da neman a yi hakan, duk da dai tun shekarun 1850 masu kula da asibitin soja suna sa ta a hannun riga. Tun a lokacin aka fara gardama, wasu suka ce kuskure ne kawai, an ga maciji da sanda an ɗauka duk ɗaya ne, masu kare ta kuma suka ce a'a da gangan ne, ai sandar manzo ce, manzo kuma ba a taɓa shi a fagen fama ko a zamanin da, saboda haka tana nuna mai ita ba mayaƙi ba ne. Ni a ganina hujjar nan ta biyu tana da ɗan ma'ana ga soja, amma ba ta da ma'ana ko kaɗan ga asibitocin kuɗi da makarantun koyon jinya da suka cika allunansu da ita a garuruwanmu, su kam kwaikwayo ne kawai aka yi daga Amurka ba tare da an tambayi asali ba.

Abin da ya sa tsarin Amurkan ke da daɗin karantawa shine haruffan da suke ɗorawa a kan sandar. Idan ruwan zinare ce tsura ba harafi, likita ne. Idan akwai D baƙi a tsakiya likitan haƙori ne, N nas ce ko nas ne, V likitan dabbobi, S kuma ƙwararru irin su masu gashin ƙashi da masana abinci. Idan ka ga ta azurfa ce da M da S a sarƙe, to waɗannan su ne masu tafiyar da harkar asibiti, da masu haɗa magunguna da masu jigilar marasa lafiya da sauransu, hafsoshi ne na sashen lafiya amma ba su ne masu duba mara lafiya a matsayin likita ba. Launin sashen gaba ɗaya ja ne mai duhu kamar ruwan zoɓo, da farin zare a gefe. Kuma ka lura, ko a Amurkan ma ba kowa ya bi sojan ƙasa ba. Sojan samansu maciji ɗaya suke sawa a cikin garkuwa. Likitan sojan ruwansu kuwa ba maciji sam, ganyen bishiyar ok ne na zinare da ƙwallon ɗanta guda na azurfa a tsakiya, na haƙori ƙwallo biyu a gindin ganyen, nas kuma ganyen tsura, sai ƙananan ma'aikatan jinyarsu su ne ke sa macizai biyun. To kaga wanda ya ce sai ya ga maciji zai gane likitan soja zai wuce wasu bai sani ba.

Akwai wani bajon Amurka da ake yawan gani a ƙirji wanda ya kamata ka sani don shi ba na rarrabe sashe ba ne, na shaida ne. Za ka ga gadon ɗaukar masu rauni a kwance, macizai biyun a kansa, ƙaramin kuros a sama, ganye ya zagaye. An ƙirƙiro shi a 1945 don ma'aikatan lafiyar da suka yi aiki tare da sojan ƙafa ana ruwan wuta a kansu. Wanda ba shi da ganyen zagayen kuma an fito da shi a 1965, shi jarrabawar ƙwarewa ake ci a samu, ba sai an je yaƙi ba. Tsakanin su biyun a wurin masu abin akwai tazara sosai.

Sauran ƙasashe zan bi su da sauri. Faransa, wadda hukumar lafiyar sojanta ta samo asali tun 1708 zamanin Sarki Luwi na 14, maciji ɗaya ne amma a saman sandar akwai madubi, suna kiran shi madubin taka tsantsan, wato likita ya duba da kyau kafin ya yanke hukunci, kuma su da launin karan miskin da ke ƙarƙashin zaren muƙami ake gane mutum: likita ja mai duhu, mai haɗa magunguna kore, likitan haƙori launin shunayya mai duhu. Wannan zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru amfani idan suka ci karo da tsofaffin kayan sojan Faransa a gida. Jamus shuɗi ne launinsu, kuma da yanayin macijin suke bambancewa, na likita ya naɗe sanda sau biyu, na haƙori sau ɗaya, na dabbobi maciji ne ba sanda, na magunguna kuma maciji a kan kwano. Rasha tun zamanin Tarayyar Sobiyet maciji ne ya naɗe ƙoƙo ya leƙa kai ciki. A sojan ruwan Birtaniya kuma jan ƙyalle ne ake sawa tsakanin zaren muƙamin da ke hannun riga idan likita ne, ruwan lemo idan na haƙori ne. Likitocin haƙori na sojan ƙasarsu nasu ma ya fi ban mamaki, kan dodo ne ya ciji takobi. A 2024 dai an haɗe RAMC da na haƙori da rundunar nas nas ɗin sojan ƙasa sun zama runduna ɗaya, kenan bajon da ke hannunka na rundunar da yanzu ba ta nan da wannan sunan ne.

To sai jan kuros, wanda wallahi shi ya fi damuna a duk maganar nan. Asalinsa yaƙin Solferino ne a Italiya a 1859, inda wani ɗan kasuwa ɗan Suwizalan, Henry Dunant, ya ga dubban sojoji masu rauni an bar su a fili suna mutuwa ba mai ba su ko ruwa, shi ne ya tsaya kai da fata har aka yi yarjejeniyar Janiba ta farko, a birnin Janiba na Suwizalan, a 1864, aka amince da alama guda da kowace runduna za ta gane daga nesa. Jan kuros a kan fari, tutar Suwizalan ce aka juya launinta. Ba a yi nufin addini da ita ba, amma Daular Usmaniyya a yaƙinta da Rasha na shekarun 1877 zuwa 1878 ta ce sojojinta Musulmi ba su natsu da ita ba, ta koma amfani da jan jinjirin wata, aka amince da shi a hukumance a 1929 tare da jan zaki da rana na Farisa, wanda Iran ta daina amfani da shi a 1980. A 2005 aka ƙara ta uku da ake aiki da ita yanzu, jan murabba'i da aka tsayar a kan kusurwa, tsakiyarsa fari, don ƙasar da ba ta son kuros ba ta kuma son wata. Dukkansu ƙarfinsu ɗaya ne a doka, ba wadda ta fi wata, kuma ƙasa ce ke zaɓar wadda rundunarta za ta riƙe, ba shi sojan ba. Shi ya sa za ka ga likitan soja Musulmi mai sallah biyar da jan kuros a damtse, ba abin da ya taɓa imaninsa.

Kuma ba kowane ƙyalle mai kuros ne ake lissafawa ba. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta fayyace: a hannun hagu ake ɗaurawa, ya zama wanda ruwa ba ya lalatawa, hukumar soja ce za ta bayar kuma ta buga masa hatimi, sannan mai shi ya riƙe katin shaida na musamman mai hotonsa. Sojan da aka koya wa ɗaukar masu rauni a matsayin ƙarin aiki shi farin ƙyalle ne mai ƙaramin kuros, kuma sai lokacin da yake kan wannan aikin kaɗai yake sawa. Mutane na mamaki idan suka ga ma'aikacin lafiya da bindiga, suna cewa ai ya karya doka, alhali an yarda ya riƙe ƙaramin makami don kare kansa da majinyatan da ke hannunsa, abin da ba a yarda ba shine ya shiga kai hari. Idan abokan gaba suka kama shi ma ba fursunan yaƙi ake ɗaukarsa ba, ana iya riƙe shi ne kawai gwargwadon buƙatar ya kula da fursunoni, in ba buƙata a mayar da shi. Wanda kuma ya fake da alamar ya loda makamai a motar asibiti ko ya yi kwanton ɓauna ya kashe mutane, laifin yaƙi ya aikata, kuma ɓarnarsa ta wuce ta ranar, don gobe in motar asibitin gaske ta taho ba wanda zai yarda da ita.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa a hotunan yaƙe yaƙen yanzu za ka ga ma'aikacin lafiya da macijinsa a riga amma ba kuros a hannu. Kwamanda na da damar ya ce a cire ko a rufe, musamman inda ake faɗa da 'yan bindigar da ba su san wata yarjejeniya ba, waɗanda farin ƙyalle mai ja a wurinsu wurin saiti ne. Cirewar ba ta soke haƙƙinsa na kariya, aikinsa ne ya ba shi kariyar, alamar sanarwa ce kawai, sai dai in ba a gan ta ba da wuya a tuhumi wanda ya yi harbin da cewa ya sani.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga jan kuros a ƙofar kemis da kwalin magani da shagon mai sayar da auduga, an mayar da shi alamar "nan ana sayar da magani". Ba nasu ba ne. Doka ta keɓe shi ga sashen lafiya na soja da ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent da asibitocin da gwamnati ta ba izini a lokacin yaƙi, kuma Najeriya na da dokar da ta shigo da yarjejeniyoyin Janiba cikin dokokinta tun 1960. Mai kemis yana da koren kuros, akwatin taimakon gaggawa yana da farin kuros a kan kore, motar asibitin farar hula tana da shuɗin tauraro mai tsini shida da maciji ɗaya a tsakiya. Duk lokacin da ido ya saba ganin jan kuros a kowane lungu, ranar da ake buƙatar yaro ɗan shekara ashirin da ke riƙe da bindiga ya gan shi ya ɗauke yatsa daga kunama, ba zai ji nauyinsa ba.

Game da bajon kakan naka, dan Allah kar ka sa masa toka ko yashi ko man goge ƙarfe wai don ya yi ƙyalli, gogewar na cinye ƙananan zanen da ake gane shi da su, tsumma mai laushi busasshe ya isa. Juya bayansa ka gani, idan ɗan dogon harshe ne guda na ƙarfe da ake zurawa to na hula ne, idan kuma ƙarami ne mai 'yan kunnuwa biyu da ake sa fil to wataƙila na kwala ne, su kuma bibbiyu suke zuwa, macijin ɗaya na kallon dama ɗaya na kallon hagu, sai ka sake laluba akwatin ko ɗan'uwansa na nan. Abin da zai raba gardama a kan aikin da kaka ya yi shine littafin sallamarsa daga soja ko lambobin yabonsa idan suna nan, a littafin ne ake rubuta lambarsa da muƙaminsa da rundunar da ya yi wa aiki, sai ka tambayi manyan gidan ko wani ya adana shi.